Gandu da Gayauna: Zaman Gida Ɗaya a Wurinmu da Wurin Sauran Al'ummu

  



An nemi in yi magana a wannan taro na Gusau a kan zaman gida ɗaya da zumunci, yadda yake a wurinmu da yadda yake a wurin wasu al'ummu. Sau da yawa idan aka ɗauko wannan zance, sai a yabi zamanin da, a koka da na yanzu, a yi addu'a a watse. Ni ina so mu shiga cikin gidan mu ga abin da yake riƙe shi, domin wanda bai san abin da ya riƙe gida ba, ba zai iya gyara shi ba ranar da ya fara tsagewa.

A shekarar 2019 cibiyar bincike ta Pew da ke Amurka ta fitar da rahoto a kan yadda mutane suke zama a ƙasashe 130. Ta gano cewa kashi 38 cikin 100 na mutanen duniya suna zaune ne a gidan da ya haɗa dangi, wato kakanni ko baffanni ko surukai ko jikoki a ƙarƙashin rufi ɗaya, kuma babu wani nau'in zama da ya kai wannan yawa. Mutumin Afirka ta kudu da Sahara yana zaune a gidan da ke da kusan mutum 7, na Turai a gidan mutum 3, na Gambiya kuwa kusan mutum 14. Saboda haka yaronmu da yake jin kunyar kawo abokinsa gidansu don an yi yawa, ya sani cewa shi ne yake zaune irin zaman da ya fi yawa a bayan ƙasa.

Namu tsarin sunansa gandu, kuma dattawan da ke gabana sun fi ni saninsa. Amma saboda matasa, bari in bi shi daki-daki. Maigida da ƙannensa ko 'ya'yansa maza, har da masu aure, suna noma gona ɗaya. Daga sassabe zuwa shuka, noman fari, maimai, har girbi, kowa da fartanyarsa a gonar gandu tun sanyin safiya. Da hantsi 'yan mata su kawo fura a ƙwarya, a zauna gindin gawo ko kirya a dama a sha. Idan azahar ta gabato a tashi. Daga nan lokacin mutum nasa ne: ya wuce gayaunarsa, wato ɗan filin da maigida ya yanka masa, ya shuka gyaɗa ko auduga ko wake, abin da ya samu kuma babu mai tambayarsa. Matan gida ma da yawa suna da nasu gayauna, ko sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ko tunkiya da akuya a bayan ɗaki, kuma miji ba ya taɓawa sai da yardarsu.

Damman gero da dawa na gandu su shiga rumbu ko rufewa, maigida kaɗai ke buɗewa. Da safe ya fitar da awo ya ba wadda take da girki. A kansa ciyar da gida yake, da iri, da kayan aiki, da harajin kowane baligi a zamanin da ake biya, da ɗinkin Sallah, da auren fari na kowane ɗa, da ragon suna. Ɗa ya ba da ƙarfinsa, uba ya ɗauke masa nauyi. Idan ɗaya ya gaza nasa, ɗayan yana da bakin magana a gaban dattawan unguwa.

Wannan shi ne abin da nake so ku riƙe a duk maganata ta yau. Kakanninmu sun haɗa tukunya, amma sun bar wa kowa aljihunsa. Sun san cewa mutum yana son ya ci tare da 'yan uwansa, yana kuma son ya sami abin da zai nuna ya ce wannan nawa ne. Gandu ya daɗe ne saboda akwai gayauna a gefensa.

Wata Baturiyar Ingila mai suna Polly Hill ta zauna a Batagarawa, kusa da Katsina, ta ƙirga gonaki da gidaje, ta fitar da littafi a 1972. Abu biyu daga bincikenta sun dace da mu. Ta ga cewa gandun uba da 'ya'ya yana da ƙarfi, amma da uba ya rasu, da wuya gandu ya ɗore tsakanin wa da ƙane. Ta kuma ga cewa uban da ke da wadatar gona da hatsi shi ya fi iya riƙe 'ya'yansa, na talaka kuwa su ne suka fi fita ƙwadago ko barin gari. Wato tun fiye da shekara hamsin da suka wuce, kafin wayar hannu da finafinan da muke ɗora wa laifi, talauci da ƙarancin gona suna raba gidaje. Ina faɗin haka ne don kada mu riƙa zagin yaro da ya tafi Legas ko Abuja tuƙa babur, muna cewa ya yanke zumunci, alhali gonar da za ta riƙe shi an raba ta kashi takwas, ko kuma ba ta shiguwa saboda rashin tsaro.

Yanzu mu leƙa waje. A lardin Fujiyan na kudancin Sin akwai wasu manyan gidajen ƙasa da ake kira tulo, da yawansu a zagaye aka gina su, hawa uku zuwa biyar, bango mai kauri, ƙofar shiga ɗaya tak, babu taga a hawan ƙasa. Dangi guda ne ke zaune a ciki, wani gidan ya ɗauki ɗaruruwan mutane. A 2008 hukumar UNESCO ta sa 46 daga cikinsu a jerin kayan tarihin duniya. Dalilin ginin ba zai zame mana baƙo ba: tsoron 'yan fashi ne ya sa suka haɗu a bayan bango ɗaya, kamar yadda kakanninmu suka kewaye garuruwa da ganuwa. To amma ku dubi yadda suka raba cikin. Rijiya ta kowa ce, tsakar gida ta kowa ce, zauren taro na kowa ne. Sai dai kowane iyali an yanka masa rabonsa daga ƙasa har sama: madafarsa a ƙasa, ma'ajin hatsinsa a hawa na biyu, ɗakunan kwana a sama. Wasu daga cikin gidajen nan sun yi ɗaruruwan shekaru, kuma har yau akwai masu kwana a ciki.

A wannan ƙasa ta Sin ɗin dai aka gwada akasin haka. A 1958 gwamnatin Mao ta haɗe gonakin ƙauyuka, ta karɓe filayen mutane, ta buɗe manyan wuraren girki inda gari guda zai ci tare. An kashe gayauna, an bar gandu kaɗai, kuma gandun ba na uba ba ne, na hukuma ne. Tsakanin 1959 da 1961 yunwa ta kashe miliyoyin mutane. Sai a 1978 manoma 18 a wani ƙauye mai suna Shawogan, a lardin Anhui, suka dangwala yatsa a ɓoye a kan takarda cewa za su raba gonar kowane gida ya noma nasa. Amfanin da suka samu ya sa daga baya ƙasar gaba ɗaya ta bi sahunsu. A nan Afirka, Julius Nyerere na Tanzaniya, mutum mai kyakkyawar niyya, ya yi shelar Arusha a 1967, ya ce a koma zaman 'yan uwantaka irin na Afirka. Da mutane suka yi jinkirin shiga ƙauyukan da aka tsara musu, sai daga 1973 aka koma kwashe su da ƙarfi, noma ya ja baya, ƙasar ta koma sayo abinci daga waje. Zumunci ba ya yiwuwa da umarnin hukuma.

Akwai wasu Musulmi 'yan uwanmu a yammacin tsibirin Sumatara na Indunusiya, ana kiransu Minankabau, masu riƙo da addini ƙwarai. A wurinsu babban gidan dangi da gonakin shinkafa na kaka da kakanni a hannun mata suke, daga uwa zuwa 'ya. Namiji idan ya tasa sai ya fita neman ilimi da arziki, kamar cin raninmu, abin da ya tara da guminsa kuma a raba shi bisa gādon Musulunci. Ba ina kira mu ɗauki tsarinsu ba. Abin da ya ja hankalina shi ne rumbunan da suke ginawa a ƙofar gida: akwai na abincin yau da kullum, akwai kuma wanda aka keɓe domin shekarar yunwa da taimakon mabuƙaci. Sun san baƙo zai zo, sun san fari zai zo, sai suka gina masa rumbunsa tun kafin ya iso.

Turawa kuwa sun bi hanyar gayauna kaɗai har ƙarshenta. Kowa da ɗakinsa, kowa da asusunsa, tsoho a gidan tsofaffi. Sun sami 'yanci da sukuni da ba za mu musanta ba. Amma a watan Janairun 2018 gwamnatin Birtaniya ta naɗa minista domin matsalar kaɗaici, Japan ma ta naɗa nata a 2021, ƙasar da ake samun tsoho ya mutu shi kaɗai a ɗaki a yi kwanaki ba a sani ba. Tun a 1972 wasu iyalai 27 a ƙasar Danmak suka gaji da wannan zama, suka gina unguwa tasu: kowane iyali da gidansa da madafarsa, ga kuma babban zaure a tsakiya inda ake girki a ci tare, yara suna wasa a fili ɗaya, idon kowa a kansu. Tsarin ya bazu zuwa Amurka da wasu ƙasashe. Da na karanta bayaninsa, babu abin da na gani a ciki wanda kakata ba ta sani ba.

Sai dai kada daɗin wannan magana ya hana mu faɗa wa kanmu gaskiya. Babban gida yana da nasa zalunci, kuma yawancinsa a kan mata da marayu yake sauka. Amaryar ƙaramin ɗa takan wayi gari ita ce mai surfe, mai daka, mai ɗebo ruwa, mai tuƙa tuwon mutum talatin, ga uwar miji, ga facaloli, kuma idan ta yi ƙorafi a ce ba ta da tarbiyya. Uba ya rasu, babban wa ya ce kada a raba gādo don kada gida ya watse, sai ya riƙe gona shekara ashirin shi da 'ya'yansa, ƙannensa mata ba su ga ko tiya ɗaya ba. A ɗauko ɗan marigayi riƙo, 'ya'yan gida su tafi makaranta, shi a ɗora masa talla ko kiwo. A yi auren zumunci ba tare da an tambayi yarinya ba, auren ya mutu, gida biyu su daina gaisawa. Duk wanda ya taɓa zama a kotun shari'a a ƙasar nan ya san yawan ƙararrakin gādo da ke gaban alƙalai, kuma masu ƙarar 'yan ɗaki ɗaya ne. A ganina, abin da ya fi rusa gidajenmu shi ne cin haƙƙin na ƙasa da sunan haɗin kai. Wanda aka hana gayaunarsa, ranar da ya sami hanya zai bar gandu, kuma ba zai waiwayo ba.

Duk da haka, wannan gida da muke kuka da shi, shi ne ya ɗauki jihar nan ta Zamfara a shekarun da muke ciki. Ba sai na ba ku labarin rashin tsaron da ya same mu tun wajen 2011 ba. Kun san harin 'Yargaladima a 2014. Kun san sace ɗaliban Jangebe a 2021, shekarar da aka rufe layukan waya a jihar nan baki ɗaya, aka kuma sace Sarkin Bunguɗu a hanyar Kaduna zuwa Abuja. Akwai mutane a wannan zaure da suka bar hatsi a gona, suka fito da kayan jikinsu kawai. Tambayata ita ce, da suka fito, ina suka kwana? Kaɗan ne suka sami sansani. Mafi yawansu ƙofar ɗan uwa suka ƙwanƙwasa, a Gusau, a cikin garin Tsafe, a cikin garin Bunguɗu, a Kwatarkwashi.

Ku shiga irin wannan gida ku gani. Zauren da maigida yake karɓar baƙi ya koma ɗakin kwanan samari, an jingine tabarmi a bango da rana. Uwargida ta kwashe kwanukan jerenta ta tura ƙarƙashin gado don ƙanwar mijinta da 'ya'yanta biyar su sami wurin shimfiɗa. Tiya biyu da ake aunawa a da ta koma huɗu, albashi ko cinikin kasuwa kuwa bai ƙaru ba. Tuwon dare ya zama na yara, manya su sha koko su kwanta. Idan an sace wani a dangi, a zauna a wannan tsakar gida a yi karo-karo, wannan ta sayar da tunkiyarta, wancan ya jinginar da gonarsa, ɗan da ke Legas ya turo abin da ya tara na aure. Ba a rubuta sunan wannan maigida a takardar kowace hukuma ba, ba a ɗauki hotonsa ba, kuma ba ya iya cewa ya gaji, domin da wane baki zai faɗa wa ɗan uwansa haka?

Garin nan da muke ciki ya san karɓar baƙo tun asalinsa. Malam Sambo Ɗan Ashafa da jama'arsa tasowa suka yi daga yankin 'Yandoto a zamanin jihadi suka kafa Gusau. Da jirgin ƙasa ya iso a 1927, kafin ya wuce Ƙauran Namoda a 1929, sai ga Yarbawa da Ibo da Nufawa sun zo cinikin gyaɗa da auduga, aka ba su wuri suka zauna. Mu ma da muka fita, haka aka yi mana, haka muka yi wa juna. A Sabo ta Ibadan da zangon Kumasi, bafataken da ya sauka da shanu ko ya zo sayen goro yana da maigida da zai ba shi ɗaki da abinci, ya ajiye masa kuɗi, ya tsaya masa a ciniki, ko da babu dangantakar jini a tsakaninsu. Haka kuma a karkararmu, Bafulatani yakan sauka a gonar Bahaushe bayan girbi, shanu su ci kara su bar taki, matansa su shiga gida da nono su fito da hatsi. Wannan ma zaman tare ne, kuma yana da ƙa'ida: burtali na makiyayi ne, shuka ta manomi ce. Da aka cinye burtali, aka kuma bar ɓarna ba hukunci na adalci, kun ga inda muka tsinci kanmu.

Addininmu ya riga ya nuna mana yadda ake karɓar wanda ya baro gidansa. Bayan hijira zuwa Madina a 622, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙulla 'yan uwantaka tsakanin Muhajirai da Ansaru, mutum da mutum. Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi wa Abdurrahman ɗan Aufu tayin rabin dukiyarsa. Abdurrahman ya yi masa addu'a, ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa, kuma bai daɗe ba ya tsaya da ƙafarsa har ya yi aure. Mai masauki ya buɗe hannu iyakar buɗewa, baƙo kuma ya nemi abin da zai zama nasa. Ta haka zaman ya ɗore ba tare da ɗaya ya gundura da ɗaya ba.

Wannan shi ne abin da ya rage mana mu yi, kuma ba mu yi shi sosai ba. Mun ba 'yan uwanmu ɗaki da tuwo, Allah ya saka. Amma mutumin da ya saba cika rumbu uku, yau shekara biyu yana zaune a zauren ƙanensa yana jiran a miƙo masa kwano, ciwon da ke ransa ya fi yunwa. Matarsa da ta saba da sana'arta tana zaune tana kallon hannun facalarta. Irin wannan zama, komai ƙaunar da ke tsakani, wata rana sai an ji kansu. Abin da zai tsare zumuncin shi ne a yanka musu gayauna a inda suka sauka. Mai fili a bakin gari ko a fadamar gulbi ya ba da aron kadada ɗaya na damina biyu. Mai shago ya ɗauki yaro ɗaya ya koya masa ciniki. Matan unguwa su sa baƙuwa a adashinsu, su bar mata ɗaukar farko ta ja jari, ko na ƙosai ne.

Ina kuma roƙon malamanmu da masu kula da zakka da waƙafi a jihar nan, idan kaka ta yi aka fitar da zakkar hatsi, a tambayi masu unguwanni gidajen da suka sauki 'yan gudun hijira, domin mai unguwa ya san su ɗaya bayan ɗaya. Hukumomi da ƙungiyoyin agaji su ma su daina tsayawa a inda aka kafa tanti kaɗai. Buhun da aka kai gidan da ke ciyar da mutum ashirin ya isa inda ya kamata ya isa.

Ku kuma iyayena da yayyena masu riƙe da gādon da ba a raba ba, ku ji tsoron Allah ku kira malami a raba, a ba mata nasu, a rubuta na marayu a ajiye da shaidu. Idan bayan an raba kuka ga dama ku ci gaba da noma tare, to wannan gandu ne na yarda, kuma shi ne mai albarka. Wanda ke riƙon maraya, ranar da zai kai ɗansa makaranta ya riƙo hannun su biyu. Matasa masu gina sababbin gidaje a Gusau, na san fili ya yi tsada, amma ku bar ɗaki ɗaya a bakin ƙofa, ko ƙarami ne, saboda tsohuwarku da baƙonku.

Kafin Juma'a mai zuwa, kowane ɗayanmu ya taka da ƙafarsa zuwa gida ɗaya a danginsa ko unguwarsa da ya san an sauki baƙi, ya keɓe da maigidan ko uwargidan, ya tambaye su abin da ya fi yi musu nauyi, ya ɗauki abin da zai iya.

Allah ya ba mu zaman lafiya a Zamfara, ya mayar da kowa gidansa da gonarsa.